Matakalar Da Aka Yi Don Kawu

A kasuwar garinmu akwai wani mai sayar da takalma, Nafi'u, wanda Allah ya jarrabe shi da kawu. Wasu gobara ce jarrabawarsu, wasu ɓarayi, shi kuwa Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyarsa. Tun da Kawu ya ajiye aikin gadi ya rasa inda zai kai hutunsa sai shagon Nafi'u. Kafin a gama share ƙofa ya iso, ya baje tumbi a benci, ya ɗora hula a gwiwa. In an kawo abincin rana, hannunsa ne ke fara gano inda nama ya ɓuya. In mai saye ya shigo, sai ya ba shi labarin yadda mai shagon ya yi ta fitsarin kwance har ya shiga firamare. Ga shi kawu ba ya koruwa, kana ɗaga masa murya kafin la'asar magana ta isa kunnen Hajiya, mahaifiyar Nafi'u. Shi kuwa Nafi'u, bawan Allah, ba abin da yake nema a duniya illa ya ci abincinsa shi kaɗai, ya ɗan miƙe ƙafa bayan azahar.

Rannan sai dabara ta faɗo masa. A saman shagon akwai ɗan bene na katako inda ake jibge kwalaye. Ya kwashe su, ya yi shimfiɗa, ya sa fanka da matashi, sannan ya kirawo Mati kafinta, ya ja shi gefe.

"Matakala nake so, amma ka miƙar da ita tsaye kamar giginya. Matakan su zama sirara, ka nisanta tsakaninsu, kuma kada ka kuskura ka sa abin dafawa."

Mati ya zaro fensir daga bayan kunne ya dube shi. "Alhaji, mutum ne zai hau ko biri?"

"Kai dai yi aikinka."

Mati ya saci kallon Kawu da ke gyangyaɗi yana shafa gwiwarsa mai ciwo, ya ce, "To, na gane awon."

Aiki ya yi kyau, in dai mugunta ake nema. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe Nafi'u ya lallaɓa sama da kwanonsa, Kawu na ƙasa yana bin sa da ido. A ranar ya gane ashe matarsa tana sa nama a miya.

Washegari ya je tasha karɓo kaya. Da ya dawo sai ya tarar da benci wayam. Har ya ɗaga hannu zai yi hamdala, sai ya ji minshari na saukowa daga sama. Maƙwabta suka ce ai abin kallo ya wuce shi: da ciki, da gwiwa, da salati, haka tsohon ya ja jiki har ya kai.

Hawa dai an hau. Da lokacin sauka ya yi, Kawu ya leƙo ƙasa, ya koma ya zauna daɓas. "Wannan hanyar lahira ce," in ji shi. "Ba inda za ni." Aka kawo igiya, aka kawo majiya ƙarfi, ya rantse duk wanda ya taɓa shi sai 'yar'uwarsa ta ji cewa ɗanta ya yi hayar mutane su karya shi.

An gudu ba a tsira ba. Nafi'u ya koma ɗan aike a shagonsa. Shi ne hawa da tuwo, shi ne hawa da buta, shi ne saukowa da bokitin da ba a faɗin abin da ke ciki. Ƙwaurinsa duk ya sha sara a matakan da shi ya ce a yi su sirara. Ba damar kulle shago da kawu a ciki, sai ya koma kwana a kan kwalaye. Labarin fitsarin kwance kuwa yanzu daga sama ake watsa shi, har 'yan layin atamfa suna ji. Wallahi sai da ya rame.

Da tura ta kai bango ya sake kiran Mati. "Ɓalle wannan masifar. Yi mini mai faɗi, a kwance, da abin dafawa hagu da dama."

"Wato yanzu mutum ne zai hau," in ji Mati.

"Sauka zai yi!"

Sabuwar matakala ta cinye rabin shagon, takalma suka koma ƙofa suna shan rana. Amma ko mai sanda zai bi ta yana waƙa. Nafi'u ya tsaya a gindinta, ya tausasa murya.

"Kawu, ga hanya ta gyaru. Bismillah, a sauko a hankali."

Kawu ya leƙo, ya girgiza abin dafawar ya ji shi daram, ya gyaɗa kai.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Maza aika a gaya wa abokaina, su Malam Tanimu da Sarkin Aska, yanzu ko su za su iya hawowa."