Rasuwar Famfon Gindin Kuka

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da bokitai wayam, Zuleha matar Wahabu mai albasa, a madadin matan Layin Kuka na Zongon Yendi, tana sanar da 'yan'uwa na Salaga da na Bawku rasuwar maƙwabcinsu kuma majinginarsu, Famfon Gwamnati na gindin kuka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da fari ba ta yi niyyar rubuta komai ba. 'Yarta Lariba ce, mai shekara biyar, ta tsaya gaban mamacin ranar da ya cika, ta murɗa kansa hagu da dama, ta ɗago ta ce, "Mma, to wa zai yi masa wanka, tunda ruwan duk a wurinsa yake?" Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Sai Zuleha ta ga aƙalla a sanar da jama'a, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya ƙare rayuwarsa a hidimar mutane.

Marigayin ya girmi Zuleha nesa ba kusa ba. Da ta zo garin nan amarya daga Salaga, shi ne na farko da ya karɓe ta, tun ba ta iya gaisuwar Dagombawa ba. Bai taɓa tambayar kowa yarensa ba. Hausawa, Dagombawa, Gonjawa, Mosawa, duk wanda ya miƙa bokiti zai cika masa. Bai san kwaɗo ba, bai san mai gadi ba. Da ruwansa aka yi mata wankan jego har sau biyu, da shi ake dama koko, da shi limamin layi ke alwala.

Ba za a ɓoye aibinsa don ya mutu ba. Yana da fushi, musamman da rani, sai ya ɗauke wuta ya ƙi kula kowa. Amma bai taɓa tafiya bai dawo ba, kuma in zai dawo yakan yi sallama. Sai ka ji ya yi tari, kof, kof. Ya ja dogon numfashi, fuuu. Ya tofar, tuf, tuf. Sannan shaaa! Daga madafi Zuleha ke jin wannan shaaa ɗin, ta yar da muciya ta fita a guje, goyo na rawa a baya.

Duk wanda ya san shi ya san layinsa. Mata ba su da lokacin tsayawa, don haka kayansu ke tsaya musu: bokiti, daro, garwa, tukunya, har dutse da aka ɗaura wa tsumma. Layi yakan miƙe daga gindin kuka har bayan injin niƙa, dare da rana ba ya watsewa, kowa kuma ta san na wacce ke gabanta. Wadda ta tsallake dutsen wata, ranar sai mai unguwa ya fito da kansa.

Ga yadda jinyar ta faro. Bara aka ji a rediyo cewa gwamnati ta gaji da ɗawainiyar ruwan ƙananan garuruwa, za ta miƙa famfuna da bututai, har da kwatoci, ga wani kwamiti. Kwamitin kuma ya ɗauko ɗan kwangila daga kudu. Matan layi ba su ga abin damuwa ba. A ganinsu ko wa ya gaji famfo, ai ruwa dai ruwa ne.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo su duba famfunan gari ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya sa aka yi shela: baƙi na tafe, kada wanda ya kunyata Layin Kuka. To, mutanen Zongo sun san abu ɗaya game da baƙo, ba a tarbarsa da tarkace. Tun ana gobe za su zo kowa ta ɗebi ruwanta, ta kwashe bokitinta, har duwatsun aka tattara aka kai bayan gida. Aka share wurin tas. Aka shafa wa dakalin famfon farar ƙasa. Zuleha da hannunta ta goge gansakukar da ke gindinsa da toka, sai da yatsunta suka yi ja. Aka ɗaure awaki, aka kora yara cikin gida, mata kuma suka shige ɗaka saboda kunyar maza baƙi, suna leƙe ta kafar zana.

Baƙin suka iso da hantsi. Suka tarar da famfo yana ƙyalli kamar ango, ƙasa a bushe, ba mutum ba bokiti. Ɗayansu ya murɗa kan. Marigayin, Allah sarki, ko tarin nan bai yi ba ranar, nan take ya amsa, shaaa, da dukan ƙarfinsa, don ya fitar da unguwa kunya. Ruwan ya zube a ƙasa ba mai tara. Mutumin ya dubi ɗan'uwansa, ya girgiza kai, ya rufe. Mai unguwa ya ba su doya da zabi, suka yi godiya sosai, suka yaba tsabtar wurin, suka shiga mota.

Famfon kasuwa kuwa ba wanda ya share. Can suka tarar da mata ana cacar baki, ana fizgar daro, taɓo har idon sawu. Shi aka bari da rai. Na Layin Kuka aka ce ba mai amfani da shi, asarar ruwa ce kawai.

Wata Laraba ma'aikata suka zo da diga, suka tone bayan kuka, suka yanke jijiyar da ke shayar da shi. Zuleha na tsaye da bokiti a hannu. Ta murɗa. Ya ce fuuu, a hankali, kamar mai jin barci. Ya yi kof sau ɗaya. Ɗigo mai launin tsatsa ya faɗo a bokitinta. Shi ke nan.

Ba a zauna an zuba ido ba, Allah shaida. Mata sun ɗaura mayafi sun je tsohon ofishin ruwa, aka ce yanzu ba a hannunsu yake ba. Sun je wurin kwamiti, aka ce a ga ɗan kwangila. Ɗan kwangila yana kudu. Yaronsa ya ce su da idonsu suka gani, ko sauro ba ya zuwa wurin. Zuleha ta rantse masa cewa gyara aka yi don girmama su, ya ce to ai an girmama su. Wahabu ya dawo daga Bawku da warin albasa a riga, ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce a yi haƙuri, ya koma.

Marigayin ya rasu ya bar matarsa, kwatar layi, wadda rararsa ke wanke ta kullum. Yanzu ta tsaya cak, ta yi baƙi, sauro ya tare a cikinta, kuma a cikin magadan ba wanda ya yarda tasa ce. Ya bar ƙaninsa na kasuwa, wanda aka yi wa keji da kwaɗo, aka zaunar masa da mai karɓar kuɗi. Kafin mai goyo ta tako daga Layin Kuka, an rufe. Ya bar bokitai marayu da ba su san inda za su yi layi ba. Ya kuma bar wani dangi na nesa da ba a shiri da shi, wato dam ɗin bayan gari, inda shanu ke shiga har gwiwa. Shi ake roƙo yanzu. Tuni ɗan Adisa maƙwabciya ya kwanta da kurkunu a ƙafa, ana naɗe masa tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, yana ihu. Zuleha tana tace ruwan da ɗankwali, ta tafasa in akwai itace. Ba kullum ake da itace ba.

Cikin waɗanda ya bari, mafi ƙanƙanta shi ne Seidu, wanda ke bayanta. Har yau bakinsa bai taɓa ruwan dam ba, nono ne ke tsare shi. Ta so ta ja yayen, amma tana da ƙaramin ciki, nono ya fara ja da baya, tsofaffi sun ce lokaci ya yi. Bayan Sallah za ta kai shi Salaga wurin kakarsa, ta baro shi can, domin famfon ƙofar gidansu yana da rai. Abin da ya rage mata ke nan. Sai ga direban motar Salaga ya kawo labari shekaranjiya cewa baƙin nan sun nufi can.

Game da jana'iza: liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an kuma bi maganarsa. Za a taru ranar Juma'a bayan la'asar a gindin kuka, a lulluɓe kan marigayin da farin ƙyalle. Ba za a binne shi ba, za a bar shi a tsaye, ko Allah zai sa wani mai iko ya biyo ta nan ya tambaya. Ba za a raba kokon sadaka ba, babu ruwan damawa. Masu zuwa ta'aziyya kowa ya taho da abin shansa, kuma kada wanda ya ji haushi in ba a tarbe shi da kofin ruwa ba. Ƙauna ce ta hana, ruwan dam kaɗai ke gidan.

Kai kuma mai karanta wannan a Salaga ko a Bawku, ka karanta wa matan gidanku da ƙarfi. Ranar da aka yi shela baƙi za su zo ganin famfonku, kada wadda ta taɓa tsintsiya. Ku fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har kwanon tuwo. Ku saki awaki, ku saki yara, ku yi faɗa a gabansu in ta kama. Ku bar su su taka taɓo su ɓata takalma, su tafi suna cewa ba ku da tarbiyya. Ku ji kunyar yini ɗaya. Akwai yaron da ke tafe wurinku bayan Sallah, bai san wani ruwa ba sai wanda za ku ba shi.