Hancin Babayo Ya Ɗaukaka Ƙara

"Ko a Gadau aka kunna wiwi, ina zaune a Azare zan faɗa maka sunan mai busawa!"

Babayo ke nan, shugaban 'yan sintirin unguwarmu, mai hanci kamar murfin buta. Wata la'asar ya gifta ƙofar Ya Fanna, tsohuwa mai sayar da turaren wuta, ya ja iska, ya dafe ƙirji. Bai zame ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda. Ya rantse warin wiwi ya ji, ya kumfaci baki, har aka samo takardar binciken gida.

Abokina, ka so ka ga aiki! Ya ɓalle ƙyaure, ya kifar da tukwanen humra, ya farke katifa. Me aka samu? Ganyen darbejiya da ɓawon lemo a kasko.

"Ɗan nan, sauro nake kora," in ji Ya Fanna. "Ashe babbansu ne zai shigo."

Ta kai ƙara. Alƙali ya ce wari kaɗai ba hujja ba ne, ya umarci Babayo ya gyara ƙyaure, ya ba ta haƙuri, ya ajiye sandar shugabanci.

"Na ɗaukaka ƙara! An raina hancina!"

Matarsa Dijatu ta ce, "Malam, ka bar maganar nan, yara sun fara kirana matar mai sansane."

Ina! Ran zaman babbar kotu ya sha rawani, ya ƙi ɗaukar lauya. Mai shari'a ya tambaye shi, "Ta yaya kotu za ta gamsu cewa ka san warin abin nan?"

Gogan naka ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, na zo da shirina." Ya zaro ƙunshi daga aljihu ya baje a tebur. "Ga na gaske! Jiya na sayo a bayan tasha, har na ɗan kunna a gida don tuni. Kowa ya sansana!"

Mai shari'a ya cire tabarau.

"Yau kam ga wari, ga kaya, ga iƙirari. A rubuta takardar bincike."

"Alhamdulillahi! Gidan Ya Fanna ko?"

"Gidanka."

Ana tasa ƙeyarsa, Ya Fanna ta leƙo daga benci. "Ranka ya daɗe, a bar ni in raka su. Ni zan fara da katifa."