Yadda Za Ka Zama Tauraron Fim Ba Tare da Ka Koyi Wasa Ba

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan guda bakwai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari fuskarka za ta hau fosta kafin shekara ta zagayo. Sunana Tony, amma a harkar fim Manaja ake ce mini. Shekara goma sha tara ina zuwa lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a nan Kaduna, kuma babu jarumin da ban riƙe wa lema ba, don haka na san taurari tun daga ƙeya. Na gwada wannan hanya a kan ɗalibina Derrick, wani mai aski a Trikania, ta kuwa yi aiki. Shi ya ɓata abinsa da hannunsa daga ƙarshe, za ka ji yadda aka yi.

1. Ka bar sana'arka tun kafin a kira ka

Tauraro ba ya warin man gashi. Ranar da Derrick ya nuna mini bidiyoyinsa na TikTok, inda yake lumshe ido yana shafa gemu, mutum dubu arba'in suna bin sa, ranar na ce masa ya ajiye kilifa.

Ya ce, "Oga Tony, Mama fa? Da shagon nan muke cin abinci."

Na ce masa uwar tauraro haƙuri take ci kafin ta fara cin kaza. Ya bar wa abokinsa kujerar, ya sayi baƙin tabarau. Kai ma ka saya. Kada ka cire shi ko a coci.

2. Ka raina ƙaramin rol

Za su zo maka da maigadi, direba, kwandasta, mai shayi. Ka ce a'a tun kafin su rufe baki. In kana son ganin inda ƙaramin rol yake kai mutum, ka dubi Baba Sylvanus na Tudun Wada. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ya fara wasan kwaikwayo tun a coci. Shekara talatin yana fitowa a fim: ya yi maigadi sau ba adadi, ya yi masinja, ya yi kawun da ake aika wa wasiƙa, ya mutu a gadon asibiti sau goma sha ɗaya. Babu watan da ba ya aiki, ya aurar da 'ya'ya uku da wannan sana'a. To amma tsaya a titi ka tambayi sunansa. Babu wanda ya sani. "Tsohon nan" kawai ake cewa. Wannan rayuwa ce?

Da darakta Anti Dorcas ta fara haɗa sabon fim, kwandasta ta so ta ba Derrick. Ni na sa ya ƙi. Muka zagaya ta bayan gida wurin furodusa, muka nuna masa yawan mabiya a waya. Washegari aka kira Anti Dorcas aka ce ga jaruminta. Ta dubi Derrick daga sama har ƙasa, ta ce, "Toh. Allah Ya taimake mu."

3. Kada ka karanta labarin

Karatu na masu neman aiki ne. Ka buɗe takardun, ka ƙirga wuraren da sunanka ya fito, ka rufe.

Labarin fim ɗin ma ba wani mai wuya ba ne. Wani saurayi ne da ya yi arziki a Legas, shekara tara bai leƙo gida ba, sai ga shi ya dawo jana'izar mahaifinsa Filibus. A hanya tayarsa ta yi faci. Mai facin da ya tsaya wurinsa ashe abokin aikin mahaifin ne tun zamanin masaƙa. Baba Sylvanus aka ba mai faci. Magana uku kacal ce a bakinsa a duk fim ɗin.

Ka san abin da tsohon nan ya yi saboda magana uku? Mako guda yana zama wurin wani mai faci na gaske a bakin titi. Ya koyi yadda ake tsoma tif ɗin taya a ruwa a nemi kumfa, yadda ake taɓa yawu a bakin bawul, yadda ake dukan taya da guduma ana saurare. Na wuce na gan shi, hannu baƙi ƙirin. Na ce, "Baba, duk wannan wahala ta mece ce?"

Ya ce, "Tony, hannuna ne zai yi magana, ba bakina ba. In hannun ya yi ƙarya, ai kowa zai gani."

Ka ji irin tunanin da ke hana mutum ci gaba.

4. Ka makara

Wannan ba ya buƙatar bayani. In an ce takwas, ka zo sha ɗaya, kana waya da wanda babu shi.

5. Ka san ɓangaren fuskarka mai kyau, ka kare shi da ranka

Na Derrick hagu ne. A Mahuta aka ɗauki sin ɗin faci, rana tsaka, bakin wani kango. Aka ce akshan. Baba Sylvanus yana tsugune, ya tsoma tif a ruwa, ya ɗaga kai ya dubi saurayin, ya mayar da kai. Ya sake ɗagowa. Sai hannunsa ya tsaya cak a cikin ruwan.

Ya ce, "Kai ɗan Filibus ne?"

Nan ake so Derrick ya cire tabarau, ya kasa magana. Sai ya juyo da hagunsa ga kyamara, ya ɗaga gira ɗaya kamar mai tallan turare.

Anti Dorcas ta ce, "Kot! Derrick, babanka ne ya mutu. Cire gilashin nan."

"Anti, fans ɗina da shi suka san ni."

Aka sake. Sau goma sha huɗu ana sakewa. Aka kawo albasa, aka kawo man zafi, hawaye ya zubo amma fuskar tana nan tana neman kyamara. Duk sau goma sha huɗun nan hannun Baba yana tsayawa a wuri ɗaya, muryarsa tana karyewa a kan sunan Filibus. A karo na tara na ga mai riƙe da makirufo yana share ido da kafaɗa.

Da aka tafi hutu Baba ya ja Derrick gefe. Ina kusa, ina riƙe da lema.

"Ɗana, mahaifinka yana da rai?"

"Ya rasu, Baba. Ina aji uku."

"Wa ya zo ya faɗa maka?"

Derrick ya ce, "Maƙwabcinmu. Ya same ni a filin ƙwallo."

"To ni ne maƙwabcin nan. Ka daina neman kyamara, ita za ta nemo ka. Ni kawai za ka kalla."

Na ga haɗari ya taso. Na ga hannun yaron ya tafi wajen tabarau. Nan take na shiga tsakani, na ce masa in ya yarda ya kalli tsohon, ɓangarensa na dama ne zai fito. Ya dawo hayyacinsa. Ka riƙe wannan darasi: duk wanda ya ce ka saurari abokin wasanka, so yake ya sace maka sin.

Da aka dawo daga hutu, Anti Dorcas ta sauya dabara. Ta ce wa mai kyamara ya koma bayan Derrick ya ɗauka daga can. Kwana biyu bayan haka aka ƙara wa mai faci sin huɗu. Mu ba mu damu ba, fosta tamu ce.

6. Ka gayyaci duniya ranar nuna fim

Fostar ta fito, fuskar Derrick ta cinye rabinta. Alkawarina ya cika, ka shaida.

Ranar Asabar da yamma aka nuna fim ɗin a wani zaure. Maman Derrick ta zo da matan zumunta na cocinsu su ashirin da biyu, duk da anko, har da mai kiɗan tulu. Suka cika layin gaba. Aka kashe fitila.

Ƙeyar Derrick ta fito sosai, ba zan ɓoye ba. Kafaɗarsa ma ta yi ƙoƙari. Fuskar kuwa, in ka haɗa duka, ba ta kai minti huɗu ba, yawanci daga nesa. Edita ya mayar da fim ɗin labarin wani tsohon mai faci da ya binne abokansa na masaƙa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo wurin "Kai ɗan Filibus ne?" zauren ya yi tsit. Wata mata a bayana ta ce "Yesu na," ta fashe da kuka. Mijinta ma a masaƙa ya yi aiki.

Da aka kunna fitila jama'a suka yi kan Baba Sylvanus. Wani mutum ya rantse ya taɓa yin faci a wurinsa. Derrick yana tsaye ƙarƙashin fostarsa da biro a hannu, babu wanda ya nemi sa hannu. Can sai ga mamansa ta nufo shi, ido jawur, matan zumunta a bayanta. Ya buɗe hannu zai rungume ta. Ta miƙa masa wayarta.

"Derrick, zo ka ɗauke mu hoto da Baban nan. Ka tabbata kowa ya fito."

Ya ɗauka. Sai da ya cire tabarau kafin ya ga allon wayar.

7. Kada ka taɓa yarda laifinka ne

Laifin edita ne, laifin darakta ne, maƙiya ne. Haka na faɗa wa Derrick, na ce mu shiga TikTok mu tona asiri. A nan ɗalibina ya ci amanata. Bai ɗaga wayata ba. Ashe washegari bayan coci Tudun Wada ya tafi, ya sami Baba Sylvanus yana wanke babur, ya durƙusa ya ce, "Baba, ban iya komai ba. Ka koya mini."

Tsohon ya ce, "Dorcas tana neman kwandasta a wani sabon fim da za ta fara. Magana biyu ce. Za ka iya?"

Ya karɓa. Ya koma shagon aski da safe, da rana kuma yana bin bas yana koyon rataya a ƙofa.

Ranar Talatar da ta wuce na tari bas zuwa Kasuwa. Kwandastan, wani mai yagaggiyar riga da tawul a wuya, ya buga jikin motar, ya daka mini tsawa: "Oga, matsa ciki mana, ba falonka ba ne!" Na matsa, har da ba shi haƙuri. Muka haye gada, muka shiga gari, yana ta faɗa da fasinja. Sai da na sauka, motar ta fara tafiya, ya leƙo ya ce, "Oga Tony, a gaida gida."

Minti arba'in ina zaune gwiwata tana gugar tasa, ban gane shi ba. Ka ga asarar da ƙin bin shawara ke jawowa.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa shago, ya rasa rol, ko ya ga ƙeyarsa a babban allo, babu ruwan Manaja Tony, ban san shi ba, ban taɓa ganin sa ba. Wanda kuma ya saɓa musu ya wayi gari daraktoci suna damun sa da waya kowane mako, ana tsayar da shi a titi ana kiran sa da sunan mutanen da ba shi ba, wannan shi ya jawo wa kansa. Kada ya zo mini da kuka, ko da na gaske ne.