Yadda Za Ka Tsawaita Kwananka da Injin Hoton Ƙirji

Ka ji an ce wasu masu bincike na hasashen ɗan ƙanƙanin radiyeshin, hasken nan marar ganuwa da injin hoton ƙirji ke fitarwa, yana iya ƙara lafiya. Wasu masanan sun ce sam. Mu dai na farkon muka ji. 'Yarka na dab da haihuwa, kana son ka ga jikan nan ya girma. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ka aurar da shi ba tare da ka taɓa yin gumi ba.

1. Karanta kanun labarin kawai

Can ƙasa akwai "wataƙila" da "a jikin ɓeraye". Kada ka gangara, ɓata rai ne.

2. Sanar da iyali

Uwargida za ta ce, "Baban yara, da dai ka rage gishiri ka riƙa ɗan tattaki." Yi mata murmushin tausayi, ka ce ilimi ya wuce nan.

3. Ƙirƙiro ciwo

Ba a ɗaukar hoto sai likita ya tura ka, don haka koyi tari. Yau ƙirji, wani mako gwiwa. Amma kada ka manta ƙafar da ke ɗingishi. Yayana ya shiga da ta hagu, ya fito da ta dama.

4. Kwashi rabonka

Mai ɗaukar hoton zai laɓe bayan bango kafin ya danna. Kada ka tsorata, mutumin kirki ne, bar maka radiyeshin yake yi duka. In ya ce, "Ja numfashi, riƙe," ja har da na gobe. In ya ce, "Malam, ba kai na ɗauka kwanan nan ba?" ce masa ƙaninka ne, kun cika kama.

5. Karɓi sakamako

Nan tsarin ke ɗan tangarɗa. Likita za ta ɗaga hoton ta ƙura masa ido fiye da yadda kake so.

"Tarin nan na ƙarya ne," za ta ce, "amma zuciyarka ta fara kumbura. Yaushe rabonka da awon hawan jini?"

Nan za ka tsorata. Tsoro ne na gaske, ba na koyo ba.

6. Rufa wa kanka asiri

Za ta rubuta magani, sannan ta maimaita maganar uwargida, ba ragi ba ƙari. Kada ka faɗa a gida, girma ya hana. Da sassafe ɗaura takalmi ka sulale. Za ka tarar da uwargida a bakin ƙofa, nata takalmin a ƙafa.

"Mu je," za ta ce, ko kallonka ba za ta yi ba.

A kula: in maƙwabta suka gan ka kana haki a bayan matarka, babu hannuna. In kuma ka kai ga bikin jikan, ku sasanta tsakanin injin da uwargida wa za a gode wa. Ni ban ce komai ba.