Ƙafa Ɗaya da Rabi a Bakin Kara

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Talata Mafara, ko da yake gara in faɗa tun farko cewa an daɗe, wasu abubuwan sun dushe mini. Ban tabbata ko rani ne ko bazara ba. Abin da na riƙe shi ne ana tsakiyar aikin madatsar Bakolori, ni kuma ban jima da gama jami'a ba, aka sa ni cikin masu auna gonakin da ruwa zai ci. Aikina riƙe tef da rubuta lamba. Ina da sabon babur, da biro uku a aljihu, kuma ina tsoron kuskure fiye da maciji.

Ranar kasuwa na ajiye babur ɗin kusa da kara, inda ake lodin shanu, na shiga sayen nama. Ina fitowa na tarar an ɗaure shi da sarƙa a turke. Wani ma'aikacin hukuma ya ce na tare hanya, tara naira biyu, don ba a ajiye abin hawa ƙasa da ƙafa talatin daga bakin kara. Na biya, mahauta suna ta dariya, ɗayansu yana tambayata ko na yanka ne ko na kiwo.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa ba kuɗin ne ya dame ni ba, rasit ɗin ne: sunana a takardar hukuma a matsayin mai laifi. (Na riƙa hango shi a fayil ɗina har ranar ritaya.) Na ɗauko tef ɗin aiki na auna wurin: ƙafa talatin da ɗaya da rabi. Na sake aunawa sau biyu. Sannan na rubuta ƙorafi shafi uku da Turanci, har da kwafi.

Washegari na kai shi ofishin hukuma, na tarar barandar cike da manoma daga wajen Maradun, waɗanda ruwa zai tasa. Sa hannu suke jira, don a shigar da sunayensu cikin masu samun fili a sabon matsuguni. Masinja ya ce da azahar jami'in da ke sa hannun zai wuce Sakkwato da takardun, wanda bai shiga ba sai dai wani jiƙon, in akwai. A gaban layi akwai wani dattijo daga wajen Dosara, Malam Ango, wanda ya taso a ƙasa tun jiya, takardarsa a naɗe cikin ƙyalle. Muka gaisa sosai, ya tambayi gida da aiki da gajiya.

Jami'in bai iso ba sai da rana ta take. Masinja ya dubi wandona da fayil ɗina, ya yafito ni. Na dubi dattijon.

"Shiga, ɗana," in ji shi. "Naka na gwamnati na, namu shi jira."

Na ce masa minti biyar kawai. (Ina jin har rantsuwa na yi.)

Jami'in ya karanta shafin farko, ya yi murmushi, ya jawo durowa zai mayar mini da kuɗina. Na ce a'a, ranka ya daɗe, ba na son alfarma, so nake a tabbatar ban yi laifi ba, a soke rasit a rubuce. Ya ce ba ya soke abin da bai gani ba. Na ce ga tef. Ina zaton ya gaji da zaman ofis ne, ko kuma Turancin ya yi masa daɗi, don sai ya miƙe ya ce mu je. Muka ratsa mutanen nan muka shiga motarsa.

A bakin kara muka yi gardamar daga ina ake fara awo, daga turke ne ko daga ƙofa. Aka nemo wanda ya ci ni tara, aka nemo sarkin pawa ya yi shaida. Na ci nasara. Jami'in ya ɗora rasit ɗin a kan bonet ɗin mota ya rubuta "an soke", aka kira azahar, ya yi salla a nan, ya ce tunda ga hanya bari ya wuce. Takardun suna kujerar baya. Na gan su da idona.

Na koma ofis ɗaukar babur, tef a hannu. Manoman suna nan yadda na bar su. Masinja ya faɗa musu jami'in ya wuce, ba wanda ya ɗaga murya. Malam Ango ya ƙura wa tef ɗin ido, sannan ya dube ni.

"Kai na kaz zo gonata da wanga abu, ko?"

Na ce mai yiwuwa ne, gonakin suna da yawa.

"Kai na. Akwai tsamiya biyu bakinta." Ya maida takardarsa cikin ƙyalle. "To, an ba ka gaskiyarka?"

Na ce an ba ni. Ya ce madalla, Allah shi ƙara ilimi. Na ce ya hau in kai shi gida. Ya tambaye ni, ba da faɗa ba, wane gidan.

Ban san ko ya samu filin ba. Na yi niyyar bincikawa, sai na ji tsoron a ce na shiga aikin da ba nawa ba. Rasit ɗin kuwa yana nan a akwatina, da "an soke" a jikinsa, ba wanda ya taɓa nemansa. Tun daga ranar, in na ga ina da gaskiya, nakan fara leƙa baranda in ga wa ke jira.

Idan akwai wanda ya zauna a barandar nan, ko ya tsaya a bakin kara ranar, don Allah ya gyara mini inda na kauce. Wataƙila tarar ba naira biyu ba ce. Wataƙila tsamiyar ɗaya ce. Amma gyaran da na fi jira shi ne wani ya ce mini jami'in ya dawo.