Ranar da Na Yi wa Kwamfuta Shara

Tun da na haifi Amira ba na iya ganin tarkace in ƙyale. Ran nan Baban Amira, mai sana'ar ɗaukar waƙoƙin biki a nan Dutse, ya fita sayo man janareta, ya bar kwamfutarsa a buɗe. Na leƙa, na ga guntayen waƙoƙi barbaje kamar ɗakin tuzuru. Ni da na iya tura hoto a waya, me zai gagare ni? Na saurari kowanne, na tara kalangu gefe, muryoyi gefe, har da raɗa musu sababbin sunaye.

Da ya dawo ya buɗe waƙar amaryar Aujara, wadda za a karɓa da la'asar, sai tsit. Ashe manhajar da yake haɗa waƙa da ita, inda ta ajiye abu nan take nemansa, da sunan da ta sani.

"Innalillahi! Muryar Gwaggo!" in ji shi. Gwaggonsa ce ta rera waƙar, ga ta nan kan tabarma, mura ta dushe mata murya, ba halin sakewa.

Na sunkuyar da kai, na yi ta ɗura wa Amira nono, yarinyar da ta ƙoshi. Daga ƙarshe dai na ce, "Baban Amira, ni ce. Na ɗan yi shara."

Awa biyu ina nunawa yana mayarwa. A gaban tsohuwa ya karanto sunan da na sa wa muryarta: "Gwaggo mai tari."

Waƙa ta dawo. Amma har yau in Gwaggo ta kira waya, cewa take, "'Yata, mai tari ce, ya shara?"