Ranar Da Na Tsaya Wa Mutum Na Ɗaya

Ko zan manta da komai na karatun digirina na biyu, ban da ranar da na gabatar da takardata a gaban malamai. Ilimin halayyar ɗan Adam nake karantawa, kuma batun da na zaɓa shi ne bambancin halin ji-da-kai da halin zumuɗi (a aji nasisizim da haifomeniya muke cewa, don a san mun sha boko).

Halayen nan biyu suna kama da juna. Kowanne yana sa mutum ya ga kansa babba, ga surutu, ga son shiga gaba. Amma mai zumuɗi abin nasa tasowa yake ya lafa. In ya motsa, barci kaɗan ya ishe shi, dabaru suna ta zubo masa, bayan 'yan kwanaki ya dawo daidai. Mai ji-da-kai kuwa kullum haka yake. Yabo ne abincinsa, damuwar wani ba ta dame shi ba, kuma in ka kushe shi ka taro faɗa.

Don takardar ta yi armashi sai na sa misalai biyu na gaske, na ɓoye sunaye. Mutum Na Biyu, mai ji-da-kai, shi ne yayana Bukar, mai sayar da huluna, wanda tun muna yara a gidanmu na Zaitawa bai taɓa yarda na fi shi komai ba. Mutum Na Ɗaya kuwa, mai zumuɗi, mai basirar da ta yi wa unguwarsu yawa... to, kun dai gane. Har gayyatar Yaya na yi, wai ya zo ya ga ƙaninsa (gaskiyar magana, so nake a yi fiɗarsa da Turanci yana zaune bai sani ba).

Na zuba bayani, har ina jin daɗin muryata. Da na gama sai malamar da ke jagorantar zaman, wata Dakta 'yar Yakasai mai sanyin magana, ta gyara tabarau.

"Malam, Mutum Na Ɗayan nan, yana rasa barci?"

Na ce, "A'a, Dakta, lafiya lau yake barcinsa." (Har da na rana.)

"Abin yana zuwa ya tafi ne, ko kullum haka yake?"

"Kullum, Dakta. Baiwa ce."

Ta buɗe shafi. "Ka rubuta cewa ya fice daga ƙungiyar samarin unguwa don ba a ba shi shugabanci ba. Ya kuma daina gaisawa da abokinsa saboda ya gyara masa magana a cikin mutane."

"Ai abokin hassada yake masa."

Ta ce, "To ni ban ga zumuɗi a nan ba. Wannan ji-da-kai ne tsantsa. Na Biyun kuwa lafiyarsa ƙalau, bawan Allah ne kawai da ya gaji da wani."

Ban san lokacin da na buga tebur ba. Da Hausa ma na faɗa, da ƙarfi: "Wallahi ba haka nake ba!"

Sai wata 'yar ajinmu ta tuntsire da dariya, sauran suka bi ta. Dakta ko murmushi ba ta yi ba.

Ta ce, "Ga rashin jure suka nan ma, ka ƙara a takardar. Sannan ka sake aikin daga farko. Ba a saka mutane a bincike ba da izininsu ba, ko da 'yan gidanku ne."

Na waiga. Yaya yana can baya, ya tura hula gaba, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ashe yana tsintar Turanci.

A adaidaita ɗaya muka koma cikin gari. Ina ta jiran ya sauke mini kwandon masifa, sai da muka wuce ƙofar gari ya ɗan zungure ni da gwiwar hannu.

Ya ce, "Na Ɗaya, matsa mini, ka danne min riga."

Kafin la'asar sunan ya zagaye gidanmu. Yanzu hatta Hajiyarmu in za ta aike ni haka take kirana.

Abin da na koya shi ne, in ka karanta alamomi ka ga kai ka dace da mai daɗin ji, ɗan'uwanka kuma ya dace da mummunan, to ka miƙa wa wani ya duba maka. Amma fa har yau ina ganin takardar nan ta fi ta kowa kyau a ajinmu.